Masu neman doki kafin Sallah, ku kiyayi mutumin nan mai tallan kili a WhatsApp

Salamu alaikum 'yan uwa mahaya. Na jima ina jin nauyin faɗin maganar nan saboda kunya, mutum ya tashi a gidan da akwai turke tun zamanin kakansa amma a ce da doki aka damfare shi, toh amma jiya wani yaro a ƙauyen da ke kusa da mu ya nuna min bidiyon dokin nan dai da aka damfare ni da shi a wayarsa yana ta murna wai ya samu doki da araha har ya fara haɗa kuɗi, shi ya sa na ce shirun ya isa haka.

Ga yadda abin ya faru. Tsohon akawal ɗinmu, wato baƙin dokinmu, ya mutu bayan damina, ciwon ciki ne ya kayar da shi dare ɗaya, turke ya zauna ba kowa, ni kuma ina so kafin ƙaramar Sallah in samu abin da zan bi tawagar hakiminmu da shi, ga kuma kilisar yamma da na saba. Sai wani ya turo bidiyo a guruf ɗinmu na masu dawaki, wani kili ne, wato doki fari-fari, ingarma mai tsayi, wuya kamar an zana, ana sukuwa da shi a fili ƙura na tashi. Na kira lambar. Mutumin akwai baki wallahi, daga gaisuwa ya fara ranka ya daɗe, Alhaji, alhali ko Jidda ban taɓa takawa ba. Ya ce dokin daga Nijar aka shigo da shi ta Maigatari, shekararsa 5, matar mai shi ce a asibiti shi ya sa zai sallama a naira dubu 850, kuma akwai wani mutumin Zariya da ya taya amma shi ya fi so ya ba ni saboda ya ji muryar mutumin kirki.

Na ce toh bari in zo Maigatari ranar Alhamis tunda ranar kasuwar ke ci in gani da idona. Nan ya fara kwana-kwana, wai dokin ba ya kasuwa yana wata ruga a ciki, wai hanyar ba kyau, wai in na jira Alhamis na Zariya zai ɗauke. Na ce a yi bidiyo kol in gan shi a turke, ya ce ba sabis a wajen. Duk wannan ya isa in gane, amma ɗokin doki ya rufe min ido. Na tura kafin alƙalami dubu 200, kuma sunan da ya fito a asusun ba sunan da ya faɗa min ba ne, sunan mace ne ma, ya ce ai na ƙanwarsa ne nasa ya samu matsala. Washegari ya ce kuɗin mota dubu 60, na tura. Da la'asar ya sake kira hankali a tashe wai an tare su a shinge sai an ba da dubu 35, na tura wannan ma, don in ka riga ka zuba kuɗi sai ka ga kamar tsayawa ita ce asarar.

Abin da ya bambanta wannan da sauran 'yan damfara shi ne shi yana kawo doki. Da ya gudu da kuɗin kawai da dubu 295 ne suka tafi. Sai bayan magariba motar ta iso, shi bai zo ba, wasu samari biyu ne da direba, suna ta sauri wai za su koma a daren. Aka sauke doki a hasken tocilan, kili ne dai, fari-fari, an wanke shi an taje geza an sa masa ragama sabuwa fil. Na ce kamar bai kai na bidiyon tsayi ba, ɗayan ya ce haba Alhaji ai waya tana ƙara wa abu girma kuma ya sha hanya ne. Na ɗora sirdi na zaga da shi bayan gari kan yashi, lafiya ƙalau yake takawa, ba ɗingishi ba komai. Na cika musu sauran dubu 650 a take, har tukwici na ba yaran.

Kwana biyu ba a cika ba. Da asuba na fito zan zuba masa harawa na tarar ya miƙa ƙafar gaba ta hagu yana ɗosana ta da ƙyar, na taɓa kofaton na ji zafi rau. Na aika aka kira min Kawu, ƙanin mahaifinmu, wanda ya yi shekaru yana kula da bargar hakimi. Bai ce komai ba, ya sa aka ja dokin aka ɗan yi sassarfa da shi a kan tsandauri, duk lokacin da ƙafar nan ta taɓa ƙasa sai kan dokin ya yi sama. Sannan ya kama leɓen ya ɗaga ya kira ni. Ya ce kai yaro zo ka gani, wannan ne ɗan shekara 5 ɗin? Haƙoran gaba dogaye sun karkata gaba kamar bakin kwasa, ga wani layi baƙi-baƙi a haƙorin gefe na sama ya sauko daga dasashi ya wuce rabi. Ya ce layin nan ba ya fitowa sai doki ya kai wajen shekara 10, in ya kai rabin haƙori ana maganar 15, wannan kuwa ya wuce nan. Na ce Kawu ai na hau shi ranar, ba ya ɗingishi. Ya ce allura suka yi masa, kuma a yashi ka gwada shi da daddare, ko jakin da ya karye sai ya burge ka a haka. Likitan dabbobin da ya zo daga baya shi ma abin da ya faɗa kenan, ciwon kofaton tsoho ne ba na jiya ba, maganin kashe zafi ne ya ɓoye shi, da ya sake shi ciwon ya dawo.

Na kira lamba a kashe, WhatsApp ya yi bulokin ɗina, wanda ya turo bidiyon a guruf ya ce shi ma turo masa aka yi. Ɗan yayata ne ma ya binciko asalin bidiyon a TikTok, a shafin wani bawan Allah da bai san hawa ba bai san sauka ba, dokinsa ne yana nan a gidansa bai taɓa sa shi a kasuwa ba. Na kai ƙara wajen 'yan sanda da hoton rasit ɗin tiransifa da lambar asusun da saƙonnin murya, maganar tana hannunsu, shi ya sa ba zan sa lambar a nan ba, kuma ma ya riga ya canza layi, wanda yaron jiya ya nuna min daban ne amma muryar ita ce, labarin matar asibitin ma bai canza ba.

Dan Allah duk wanda zai sayi doki ya taka ya je. Maigatari Alhamis ce, Mai'aduwa Lahadi, dillalai suna nan an san su an san gidajensu, la'adar da kake gudu ita ce za ta sa gobe ka samu wanda za ka riƙe in abu ya ɓaci. Ka tafi da dattijon da ya iya duba baki, ɗan shekara 5 ya gama famfara kenan haƙoransa gajeru ne a tsaye. Ka gan shi da rana tsaka, a ja shi a kan ƙasa mai tauri ba yashi ba, ka ɗaga ƙafafun huɗu ɗaya bayan ɗaya, ka cire sirdi ka shafa gadon bayan ko akwai tsohon gyambo. In da hali a yi sharaɗi a gaban shaidu ya kwana biyu ko uku a turkenka kafin ka cika kuɗi, mai gaskiya ba zai ƙi ba. Wanda ya ce sai dare zai kawo, ko ya ce ka tura kuɗi asusun da ba sunansa ba, ka ce masa Allah ya ba da kasuwa.

Dokin yana nan, ban iya sayar wa wani ba don ba zan yi wa ɗan uwana abin da aka yi min ba. Ana yanke masa kofato ana ba shi magani, yana cin harawa da dusa da ɗan gero kamar wanda ya biya kuɗin kansa, likita ya ce a manta da sukuwa, sai dai yara su ɗan zaga da shi a hankali in ƙafar ta lafa. Sallar nan a ƙasa na kalli hawa, yaran gidan kuma sun riga sun raɗa masa suna, Kafin Alƙalami suke ce masa.