Corolla 2010 da shan mai: gaskiyar abin da na gani a babban titi

Jama'a masu tambayata wai Corolla 2010 ɗin nan da gaske ne bata shan mai, to amsar ita ce eh, amma fa ya danganta da ƙafar da ke kan totur. Tawa ta Amurka ce wadda ta biyo ta Kwatano, inji 1.8, otomatik, tankinta lita 50 yake ci, kuma tun da aka cire tallafi a watan Mayun 2023 ni dai duk litar da ta shiga tankin nan sai na san inda ta tafi.

A cikin gari ba wani abin mamaki, gosulo da kunna esi da tsaye-tsaye dole ta ɗan sha. Inda take nuna halinta shine babban titi. Kano zuwa Kaduna wajen kilomita 230 ne, in na riƙe ta tsakanin kilomita 90 da 100 a awa abin da take sha bai wuce wajen lita 7 a kilomita 100 ba, kaga kenan lita 16 zuwa 17 sun kai ka Kawo. Amma ranar da ka ce sauri kake, ka wuce Kwanar Dangora ka danna mata 140 har Zariya har Jaji, wallahi allurar mai da idonka za ka ga tana sauka, lita 20 ba za ta ishe ka ba, kuma ba wai motar ce ta lalace ba. Iska ce. Turjiyar da iska ke yi wa mota bata ƙaruwa daidai da gudu, ninkawa take, wanda ke 140 yana fama da kusan ninki biyu na iskar da mai tafiya a 100 ke turawa. Ka miƙa hannu ta taga kana gudu za ka ji abin da nake nufi, to haka gaban motar gaba ɗaya yake ji, kuma fetur ɗinka ne ke biyan kuɗin.

Sai kuma giya, nan ne raunin motar nan a ganina. Giya huɗu kacal gare ta, a 100 inji yana juyawa wajen sau 2,500 a minti a natse, kana haurawa 140 ya doshi 3,500 yana ta kuka babu wata giyar da zai shiga ya huta. Ƙarar har cikin mota, sai kun ɗaga murya kafin ku ji juna, sitiyarin ma sai ya yi sakayau. Ba motar tsere ba ce, wanda ke son gudu ya nemi mai babban injin V6 ya kuma shirya aljihunsa.

Abu biyu da nake gani suna cutar mutane. Na farko malejin ta Amurka, manyan lambobin mil ne ba kilomita ba, kilomitar ƙanana ne daga ciki. Mutum zai ga allura a kan 80 yana cewa ai a hankali nake tafiya alhali yana kusan 130, ya wuce 100 ɗin da 'yan Rod Sefti suka ƙayyade wa ƙananan motoci a babban titi da nisa. Riƙe ta a 60 na manyan lambobin, shine wajen 97. Na biyu sandar giya, 3 tana gefen D ne dab da ita, ɗan turawa kaɗan ta koma can, wani sai ya yi tafiya mai nisa a 3 bai lura ba, inji na ihu mai na ƙonewa, ya dawo yana zagin gidan mai wai litarsu bata cika.

Lissafin lokacin ma ba wani kirki, a takarda 140 zai rage maka wajen minti 40 zuwa Kaduna, amma da shingen jami'an tsaro da tireloli da cunkoson Zariya rabin hakan ma da ƙyar ka samu.

Esi kuwa a babban titi ni kunna abina nake, buɗe gilasai huɗu a guje shima jan motar yake baya, ga ƙura. Kariyar ɗora kaya a saman mota in babu kaya a cire ta. Iskar taya a duba takardar da ke jikin ƙofar direba a nuna wa mai faci, kar a bar shi ya buga da hannu ya ce ta yi.

Kayan gyaranta ko ina akwai, kowane bakanike ya san ta, in ka tashi sayarwa bata kwana a hannu. Ga mai iyali ko ma'aikacin da ke zirga-zirga tsakanin garuruwa zan ce ya saya, amma kafin ya biya ya hau da ita titi ya tabbatar giya ta huɗun tana shiga lafiya.