Ɗan mariƙin murɗa madubin bindiga: wa yake amfana da shi?

Madubin hangen nesa na bindiga mai sauya ƙarfi yana da zobe kusa da inda ake sa ido, wanda ake murɗawa don kusanto da abin da ake hange ko nisanta shi. Masu ƙera shi sukan sa zoben ya yi tauri da gangan, saboda robar da ke hana ruwa da ƙura shiga ciki, kuma a madubai da yawa sai an murɗa kusan rabin da'ira kafin a tashi daga ƙaramin ƙarfi zuwa babba. Ɗan mariƙin da ake ɗaurawa a kan zoben an yi shi ne don yatsa ɗaya ya iya wannan aikin.

Ya samu karɓuwa ne a gasar harbi ta Amurka, inda ake auna gwani da daƙiƙa, kuma kamfanoni kamar Nightforce da Leupold suna haɗa shi da wasu madubansu tun daga masana'anta, Vortex kuma yana sayar da nasa daban da sunan Switchview. A kan madubi mai ƙarfin 1-6 ko 1-8, wato mai kusanto da abu daga sau ɗaya zuwa sau shida ko takwas, na ga amfaninsa ƙwarai. Mai harbi yana sauya ƙarfi ba tare da ya ɗaga kuncinsa daga gindin bindiga ba, kuma da taɓawa kawai yake sanin inda zoben ya tsaya. A nan Legas akwai ƙarin dalili, domin gumi da ruwan damina suna sa yatsu santsi a kan zobe mai tauri.

Ga maharbi mai madubin 3-9 kuwa, wanda yakan ajiye shi a kan 4 ya wuni bai taɓa ba, ban ga abin da zai sa ya kashe kuɗinsa ba, balle da dala ake shigo da kayan. Mariƙin yana maƙalewa a jaka da rassan daji, wani lokaci ya murɗe zoben mai shi bai sani ba. Babbar matsalarsa tana ga bindigar da ake ɗana harsashi da hannu, domin idan an ɗaura shi ba daidai ba, hannun ɗanawar yakan buge shi a wani ƙarfin, saboda haka wajibi ne a gwada shi daga farkon zoben har ƙarshe, bindiga ba harsashi, kafin a ƙarasa ɗaurewa.

Mariƙin alminiyam da aka yanka daidai da madubin ya fi zama daram, sai dai ɗan sukurunsa na ƙarfe yana saurin tsatsa a iskar gishirin bakin teku idan ba a shafa masa mai. Na roba mai araha yakan zame. Duk wannan magana ce ta mai lasisi, domin Dokar Makamai ta 1959 ta haramta mallakar irin wannan bindiga ba tare da izinin hukuma ba.