Sensodyne: ciwon haƙorin da yake magani, da wanda ba ya taɓawa

Da yawa daga masu sayen Sensodyne a kemis, ba shi ne maganin abin da ke damunsu ba. Haƙori ya hana mutum barci, kumatu ya kumbura, sai a miƙo masa wannan man goge baki a ce ai shi ne na ciwon haƙori. Ya biya kuɗi masu yawa, ya yi mako yana gogawa, ciwo na nan daram, daga nan ya ce man banza ne. Man yana aiki, amma a kan ciwo iri ɗaya tak aka yi shi.

Ciwon da ake nufi shi ne wanda ke zuwa farat ɗaya idan an kurɓi ruwan sanyi, ko an sha zoɓo mai ƙanƙara, ko iskar hunturu ta bugi haƙora da asuba. Ya soki mutum kamar allura, kafin ya ƙirga biyar ya wuce. Dalilinsa kuwa, a ƙarƙashin farin ɓawon haƙori akwai wani sashe mai ɗan launin rawaya, cike da 'yan ƙananan hanyoyi da ido ba ya gani, kowace da ruwa a cikinta, kuma duk sun nufi jijiyar da ke tsakiyar haƙori. Muddin ɓawo da dasashi sun rufe bakinsu, lafiya lau. Idan ɓawon ya zaizaye ko dasashi ya janye ya bar wuyan haƙori a fili, sanyi ko zaƙi kan motsa ruwan nan, jijiya ta ji.

Tun 1961 ake sayar da Sensodyne, kuma tun 2022 yana hannun kamfanin Haleon, wanda ya ɓalle daga GSK, kamfanin magunguna na Birtaniya. Abin da mai saye ya kamata ya sani shi ne sunan ɗaya ne, amma abin da ke cikin kwalayen ba ɗaya ba ne. Nau'o'in yau da kullum gishirin fotasiyom ne a cikinsu, galibi kashi 5 cikin 100. Wannan ba ya toshe komai, jijiyar yake kwantarwa a hankali har ta rage amsawa. Shi ya sa sai an yi kamar mako biyu ana gogawa safe da dare kafin a ji bambanci sosai, kuma idan aka daina, ciwon kan dawo. Wanda aka rubuta wa Rapid Relief, a sabon haɗinsa, fuloraid ne mai haɗe da kuza, shi kuma bakin hanyoyin yake liƙewa, don haka ya fi saurin aiki. Ana iya lakato kaɗan a kan yatsa mai tsabta a murza a wuyan haƙorin da ke ciwo na minti ɗaya. Sai Repair & Protect, wanda a yawancin ƙasashe ban da Amurka yake ɗauke da NovaMin, wani gari mai sakin sinadarin kalsiyom da fosfet idan ya haɗu da yawu, ya shimfiɗa wani siririn rufi a kan wurin da ya buɗe. A ganinmu, wanda dasashinsa ya janye har ana ganin wuyan haƙori, ɗaya daga cikin biyun ƙarshen nan ya fi masa.

Fuloraid ɗin da ke cikin yawancinsu ya kai kusan 1,450 a cikin miliyan, daidai da na sauran makilin masu kyau, saboda haka ba a buƙatar haɗa shi da wani don kare haƙori daga kogo.

Inda aka fi ɓata aikinsa shi ne wajen kurkure baki. Mutum ya goge, ya cika baki da ruwa sau uku, ya wanke maganin tas kafin ya zauna a haƙori. A tofar da kumfa kawai, a bar sauran, kada a ci ko a sha komai na rabin awa. Na dare ya fi muhimmanci, domin yawu kan ragu lokacin barci. A matsa kamar ƙwayar gyaɗa, a yi minti biyu cur. Buroshi kuma dole ya zama mai laushi, a karkata shi wajen dasashi, ana ɗan juya shi a hankali. Buroshin nan mai tauri da wasu ke so don suna jin ya fi fitar da datti, idan ana dirza shi gefe zuwa gefe da ƙarfi, shi ne ke yanka wani ɗan kwari a wuyan haƙori, wanda farce ke iya shiga. Haka gawayi, toka da gishiri da ake dirzawa don cire jan goro. Duk wanda bai bar waɗannan ba, abin da man ya liƙe da dare zai kankare shi da safe.

Tsami ma haka. Lemon kwalba, lemon tsami, kunun tsamiya da zoɓo suna tausasa ɓawon haƙori na ɗan lokaci. Bayan an sha, a kurkure da ruwa, a jira aƙalla rabin awa kafin a sa buroshi. Masu fama da ƙwannafi da mata masu laulayin ciki su kula da wannan sosai, don ruwan tsamin da ke tasowa daga ciki ya fi duk waɗannan cin haƙori.

Ga inda man ba shi da abin yi. Idan zafin ya daɗe bayan an haɗiye ruwan, ya wuce rabin minti yana zugi, ko shayi mai zafi ne ke tayar da shi, ko yana tashi da kansa cikin dare, to jijiyar ce ta kumbura, galibi saboda kogo ya isa gare ta. Idan sai an tauna abu ake jin sukar, ana zargin tsagewa ko ciko da ya saki. Idan dasashi na jini, baki na wari, haƙori na girgiɗi, dattin da ya daskare ne a gindin haƙora, sai likita ya kankare shi da na'ura. Haɗarin a nan shi ne man na iya ɗan rage zafin ƙaramin kogo, mutum ya saki jiki, haƙorin da ciko kaɗai zai ceta ya kai ga cire jijiya ko cire shi gaba ɗaya. Kamfanin da kansa yana gargaɗin a ga likita idan ciwon ya ƙi tafiya, kuma mako huɗu ya isa gwaji. Kumburin da ya zo da zazzaɓi, ko ya hana buɗe baki da haɗiya, ba a kwana da shi a gida. Kada kuma a danna ƙwayar asfirin a kan dasashi, ƙona naman take yi, balle ruwan batir. Kanumfari na ɗan kashe zafi kafin a isa asibiti, iyakarsa ke nan.

Yana da nasa aibin. Wasu nau'o'in ba sa kumfa sosai, wanda ya saba da kumfa cike da baki sai ya ga kamar bai goge ba, alhali kumfa ba ita ke wankewa ba. Mai kuzar nan kan bar ɗan dafi-dafi a haƙoran wasu, musamman masu yawan shayi da goro. Ba a ba yaro ɗan ƙasa da shekara 12 sai da izinin likita. Babban aibinsa dai tsada. A watan Agustan 2023 GSK, wanda reshensa na Najeriya ke rarraba man a lokacin, ya sanar da daina gudanar da harkarsa kai tsaye a ƙasar, ya koma bi ta hannun dillalai, ga kuma faɗuwar naira, sai farashi ya hau. Don haka wanda haƙoransa ba sa amsa sanyi, makilin mai fuloraid na talakawa ya ishe shi. A gida ma ba sai kowa ya yi amfani da shi ba, a ware wa mai buƙata nasa.

Kaya mai tsada kuma ba ya rasa jabu. A saya a kantin magani mai rajista, a duba lambar NAFDAC da ranar ƙarewar aiki, a gwada lambar da ke jikin kwali da wadda aka buga a gindin bututun. Idan aka buɗe aka ga ruwa ya rabu da man, ko rubutun kwalin yana gogewa da yatsa, a mayar wa mai kanti.