Fasto ko Likita: Aikin Kowa Kan Mai Taɓin Hankali

A gidajen Kirista na Garwa da Marwa, a arewacin Kamaru, in mutum ya fara sambatu, sau da yawa wurin fasto ake fara kai shi. Ikilisiya na da nata aikin: addu'a, ziyara, kwanon abinci, da cire wa iyali tunanin cewa la'ana ce.

Amma fasto ba zai bambance sanƙarau ko illar tramol da taɓin hankali ba. Aikin likita ne wannan, kuma in da zazzaɓi, a tafi asibiti ranar. Maganin ciwon damuwa yakan ɗauki mako 2 zuwa 4 kafin sauƙi ya bayyana. Wasu da sun ji dama sai su ce addu'a ta karɓu, su watsar da magani, ciwo ya dawo. Fasto nagari yakan tambaya: "Ɗan'uwa, ka sha maganinka yau?"