Wata shida da reStructuredText bayan na bar Markdown

Shekara biyu ina rubuta bayanan manhajarmu da Markdown, wato salon rubutu mai sauƙi da ake tsara shafi da 'yan alamomi, ban taɓa ƙorafi ba. Ka sa alamar # a gaban layi, kanu ya fito, shi ke nan. Abu ɗaya ne ya raba mu. Na sauya sunan wani babi, na tura, na je na kwanta. Ashe duk mahaɗan da ke kaiwa ga babin daga sauran shafuka sun lalace, kuma babu abin da ya ce mini uffan. Sai bayan mako uku wani mai amfani da manhajar ya turo saƙo yana tambaya ko mun daina kula da ita ne. Wallahi kunya ta rufe ni. Kwana biyu na yi ina bin shafuka ɗaya bayan ɗaya, ina danna kowane mahaɗi da hannu.

Da zafin wannan na kwashe komai da Pandoc, manhajar da ke juya rubutu daga wani salo zuwa wani, na koma wani salon rubutun mai suna reStructuredText tare da Sphinx, manhajar da ke haɗa rubutun ya zama shafuka. A nan kowane babi kana ba shi laƙabi na dindindin, ka kira shi da umarnin :ref: daga ko'ina. Sauya kanu yadda ka ga dama, mahaɗi na nan daram. In ka kira laƙabin da babu shi, tun wajen haɗa shafukan zai gargaɗe ka. Ranar da ya fara kama mini irin wannan kuskure, daɗi kamar ya kashe ni. Dama don bayanan yaren kwamfuta na Python aka ƙirƙiri Sphinx a 2008, masu babbar manhajar Linux ma suka rungume shi a 2016, to ya saba da babban kaya.

Sai dai fa yana da tsirfa. Layin da ake ja ƙarƙashin kanu dole ya kai tsawon kanun. Ka ƙara kalma ɗaya ka manta, sai gargaɗi. Tazarar gefe ta goce kaɗan, sakin layi ya rikice. Zana tebur da alamomin + da - kuwa azaba ce. Abin da ya fi ci mini rai, abokan aikina biyu da ke gyara bayanai a da yanzu sun janye hannu, sai su turo mini in gyara.

Da shafi biyar kawai gare ni, da ban motsa daga Markdown ba. Yanzu MyST nake gwadawa, wato salon Markdown da ke aiki da Sphinx, ko zan riƙe Sphinx abokan aikina kuma su dawo da rubutun da suka saba.