Sauya gaɓar idon sawu ko haɗe ta?

Idan amosanin gaɓɓai ya cinye guringuntsin idon sawu, aikin tiyata iri biyu ne. Haɗewa ita ce a ɗaure ƙasusuwan da kusoshi su zama ɗaya. Ciwo yakan lafa, amma gaɓar ta daina lanƙwasuwa, zaman tahiya ma sai da dabara, kuma gaɓoɓin kusa su ke ɗaukar wahalar. Wani lokaci ƙashin ya ƙi haɗuwa, musamman ga mai shan taba.

Sauyawa kuwa, gaɓar ƙarfe da roba ake sawa, gaɓar ta ci gaba da motsi. Sai dai takan saki ko ta lalace, a sake yanka, kuma raunin mai ciwon suga yakan jima bai warke ba. Matashin da ke dako ko noma, a ganina, haɗewa ta fi masa.