EA Sports FC 24: An ba tsayi haƙƙinsa, nauyi kuwa da saura

Na shafe watanni ina buga EA Sports FC 24, wasan ƙwallon ƙafa da kamfanin EA ya fitar a ƙarshen watan Satumba na 2023, bayan ya raba gari da hukumar FIFA ya daina sa sunanta a kan wasanninsa. Wani lokaci a gida nake bugawa, wani lokaci kuma a shagon gem na unguwarmu, inda ake biyan kuɗi a kan kowane wasa, wanda aka ci kuma ya miƙa hannun, wato na'urar sarrafa wasan, ga na gaba. A shagon ne na fi jin gardamar da ta sa na ɗauki alƙalami, wato ko ya dace tsayin ɗan wasa da nauyinsa su yi tasiri a cikin irin wannan wasa, ko kuwa a bar gwanintar mai riƙe da hannu ta raba gardama ita kaɗai. Ni dai ina tare da masu cewa ya dace su yi tasiri, domin duk wasan da ya ce yana kwaikwayon ƙwallon gaske ba shi da hujjar mayar da Erling Haaland, mai tsayin da ya haura mita 1.90, da Lionel Messi, mai mita 1.70, su zama jiki ɗaya da fuska biyu. Abin dubawa shi ne yadda FC 24 ya tafiyar da lamarin, kuma a nan akwai yabo, akwai ƙorafi.

Tushen abin yana cikin tsarin gudu da kamfanin ya kira AcceleRATE, wanda ya fara shigowa a FIFA 23. A wancan wasan an raba 'yan wasa gida uku: mai fizgar farko wanda ke tashi kamar an harba kibiya, mai dogon zango wanda ke jinkirin tashi amma idan ya miƙe ba a kamo shi, sai kuma matsakaici. Tsayi yana cikin sharuɗɗan rabon, domin ɗan wasa ba ya shiga sahun masu dogon zango sai ya kai santimita 174, ba ya kuma shiga sahun masu fizgar farko idan ya wuce santimita 180, sannan a haɗa da makinsa na ƙarfi da na saurin juyi. A FC 24 an faɗaɗa rabon zuwa gida bakwai, kuma wannan gyara ne da ake ji a hannu. Idan ka saki Virgil van Dijk ya bi ɗan gaban da ya tsere, za ka ga takunsa na farko da nauyi, sai a hankali dogayen ƙafafun su fara cinye tazarar, kamar dai yadda ake ganinsa a Anfield, filin ƙungiyar Liverpool. Ɗan wasa gajere kuwa yana juyawa a ɗan ƙaramin wuri, ya yanke mutum kafin dogon ya gama ɗaga ƙafa. Wannan bambanci gaskiya ne, kuma na ji daɗinsa ƙwarai.

Inda abin ya fi fitowa fili shi ne sashen Clubs, wanda mutum ke ƙera ɗan wasansa da kansa. A can idan ka ƙara masa tsayi da nauyi, kana kallon lambobin suna sauyawa a gabanka, ƙarfi yana hawa, saurin juyi da saurin tashi suna sauka. Na fara da ɗan gaba mai mita 1.70, ina shiga tsakanin 'yan baya cikin sauƙi, amma duk ƙwallon da aka bugo daga gefe sai dai in bi ta da ido. Da na mayar da shi mita 1.90 sai na koma ina cin ƙwallo da ka a bugun kwana, na kuma rasa wancan zillewar da na saba da ita. A ganina wannan sashe shi ne ya fi kowane adalci a wasan, domin ba a ba ka wani abu sai an karɓi wani.

Ƙorafina na farko shi ne cewa a sauran sassan wasan, musamman Ultimate Team, sashen da mutum ke tara katunan 'yan wasa ya haɗa ƙungiyarsa ya kara da wasu, dogon ɗan wasa yakan ci riba ba tare da ya biya farashinta ba. Katunan musamman da aka riƙa fitarwa a tsawon kakar 2023/24 suna ɗaga makin saurin juyi na dogayen 'yan wasa har ya kusa na gajeru, sai ka tarar da ƙato mai tsawon ƙafa, mai ƙarfin kafaɗa, mai tsalle, kuma yana juyi kamar ɗan tsakiya siriri. Daga nan gajere ba shi da sauran abin taƙama. Haka kuma katin Chemistry Style da ake liƙa wa ɗan wasa yana iya sauya makinsa har ya fitar da shi daga wani rukunin gudu zuwa wani, alhali a duniyar gaske babu abin da za a liƙa wa mutum ya sauya yadda ƙirar jikinsa ke gudu.

Na biyu, kuma wanda ya fi damuna, shi ne nauyi. Sharuɗɗan AcceleRATE sun dubi tsayi da ƙarfi da saurin juyi da saurin tashi, ba su dubi kilo nawa ɗan wasa yake da shi ba, kuma a cikin fili ma makin ƙarfi ne na ga yana yanke hukunci idan aka haɗa kafaɗa. Amma duk wanda ya taɓa buga ƙwallo a filin unguwa ya san cewa nauyi wani abu ne daban. Mai nauyi idan ya ɗauko gudu yana da wuyar tsayawa, yana da wuyar sauya hanya, idan kuma ya jingina bayansa a jikinka yana kare ƙwallo, kamar yadda Romelu Lukaku ke yi, sai ka ji tamkar bango kake turawa. A FC 24 sau da yawa na ga manyan 'yan wasa suna taka birki nan take, su juya baya ba tare da jikin ya ja su gaba ko taku ɗaya ba. Da an sa nauyi ya riƙa jan mai shi a lokacin tsayawa da juyawa, ya kuma ƙara masa gajiya a ƙarshen wasa, da rabin matsalar fifikon dogaye ta warware da kanta.

Masu adawa da tasirin tsayi suna da hujja guda da ba zan raina ba, wato cewa ƙwallon gaske cike take da gajerun da suka ƙaryata ma'auni. Fabio Cannavaro, mai mita 1.76, ɗan baya ne na tsakiya, kuma shi ya lashe kyautar Ballon d'Or a 2006. A wasan ƙarshe na gasar Zakarun Turai a birnin Roma a 2009, Messi ya ci Manchester United ƙwallo da ka, ta bi ta saman Edwin van der Sar, golan da ya kusa mita biyu. Sai dai waɗannan misalai ba su nuna cewa tsayi ba shi da amfani ba. Abin da suka nuna shi ne sanin lokacin tashi da iya zaɓen wurin tsayawa suna iya rinjayarsa. Tsarin PlayStyles da aka shigo da shi a wannan wasa ya ɗan taɓa wannan fanni, tun da yana ba wasu 'yan wasa baiwar tsalle ko ta ture abokin karawa ba tare da la'akari da tsayinsu kaɗai ba. Shigar da mata cikin Ultimate Team ma ya ƙara fito da buƙatar hakan, domin Sam Kerr ba ta kai mita 1.70 ba, amma an san ta da cin ƙwallo da ka, kuma bai kamata wasan ya hana ta abin da take yi a fili ba.

Ga mai son saye, shawarata ita ce ya nemi na PlayStation 5 ko Xbox Series X|S ko kwamfuta, domin fasahar motsin jiki ta HyperMotionV a kansu kaɗai take, na PlayStation 4 da ya fi yawa a shagunanmu ba ya da ita. Wanda ke son ya ji bambancin jiki da jiki yadda ya kamata, ya fi dacewa ya zauna a Clubs ko ya buga da ƙungiyoyi na yau da kullum. Wanda kuma Ultimate Team ya kawo shi, ya shirya haɗuwa da dogayen 'yan baya biyu a kusan kowane wasa, kamar yadda aka gani daga tsakiyar kakar 2023/24 zuwa ƙarshenta, lokacin da katunan musamman suka cika kasuwar.